Tsattsewa a Takalmin Yaya

Yayana mai gyaran takalmi ne, kuma in ka shiga shagonsa ka ga takalmi a kan kanta, don Allah kada ka zura ƙafa sai ka leƙa. Akwai wani direban tasi da ba a yi wa wannan gargaɗin ba. Ya zo karɓar nasa, ya hango wani mai kama da shi, ya ɗauko zai gwada, sai ga wani baki rawaya ya wage daga ciki yana tsuwa. Bawan Allah ya kurma ihu ya saki takalmin, Yaya ya cafe shi kafin ya kai ƙasa. Har yau direban daga bakin ƙofa yake sallama.

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Ni sabulu nake sayarwa da bokitai da tarkacen gida. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, saboda haka ina da lasisin faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ba na wasa da wannan lasisin.

Tun muna yara haka yake. Sa'o'insa suna yawo da danƙo suna harbin tsuntsaye, shi yana biye da su yana tsintar wanda ya faɗo da sauran numfashi. Mahaifiyarmu ta gaji da tarar da gashin tsuntsu a aljihun rigarsa ranar wanki. Ya girma, ya koyi sana'a, ya yi aure, 'ya'yansa sun girma sun kama gabansu, furfura ta cika masa gemu, amma halin bai bar shi ba. Mutanen layinmu Ungozoma suke ce masa. Da farko yana ɓata rai, yanzu kuwa in ka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya tsaya tunanin wa ake nufi.

Shagon ɗan ƙarami ne, mutum biyu in sun shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Akwai guntun bencinsa da ya lotsa a tsakiya, da ƙarfen da yake kifa takalmi a kai ya buga ƙusa, da basilla, da zare, da gwangwanin ƙusoshi, da tulin tsohuwar taya da yake yankan ƙasan takalmi da ita. A bangon baya kuma akwai kantar takalman da masu su suka kawo gyara suka manta da su shekara da shekaru. Waɗannan su ne ɗakunan haihuwarsa. Ya shimfiɗa auduga da tsumma a ciki, ƙananan tsuntsaye a takalmin yara, 'ya'yan tattabara a na manya. Saboda su ya daina buɗe gam a cikin shago, ya ce warin yana hawa musu kai. In aikin gam ya taso sai ya kwashi kayansa ya fito bakin titi, rana tana dukansa, su kuma suna ciki a inuwa kamar su ke biyan haya.

Ba kowane tsuntsu yake karɓa ba fa. In ka kawo masa wanda ya riga ya yi gashi yana tsalle-tsalle, zai tambaye ka, "A ina ka ɗauko shi?" Kana faɗa zai ce, "Maza mayar da shi. Uwarsa tana kan bishiya tana tsine maka." In kuwa jariri ne tsirara, sai ya rufe shago ya bi ka a nemo sheƙar. Sai an rasa sheƙa, ko an tabbatar uwa ta mutu, sannan zai ce, "To, kawo shi, ya zama namu." Zai fara ɗumama shi a tafin hannu kafin ya ba shi komai, kuma ba ya taɓa ɗura wa ɗan tsuntsu ruwa a baki, ya ce shaƙe shi yake yi. 'Ya'yan kurciya da tattabara yana dama musu garin hatsi da ruwan ɗumi, ya zuba a sirinjin da ya yanke wa baki ya rufe da guntun roba mai huji, su zura baki su sha kamar a bakin uwarsu. Masu wage baki kuma da hantsaki yake ba su. Ya buga ƙusa biyu, ya ajiye guduma, ya ciyar, ya dawo ya ɗauki guduma. Haka yake wuni.

Abu ɗaya ne da Yaya: komai ta ƙafa yake duba shi. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a zaune yana kallon ƙasa. Kafin ya ɗaga kai ya ga fuskarka ya riga ya gane ka ta takunka. Zai ce maka, "Gwiwarka ta hagu tana ciwo," don ya ga yadda dunduniyar takalminka ta cinye. To haka yake sallamar tsuntsayensa. Sai ya ɗora tsuntsu a kan yatsansa. In ya damƙe yatsan ya tsaya kyam, ya yi tsalle zuwa benci, daga benci zuwa bakin ƙofa, sai Yaya ya ce, "Ƙafa ta yi, saura fiffike," ya bar ƙofa a buɗe. Wannan gwajin bai taɓa ba shi kunya ba, sai da aka kawo masa Gimbiya.

Iya Mai Shara ce ta kawo ta, tsohuwar da ke share dogon benen da ke tsallaken titinmu. An kwana ana ruwa da iska, da safe ta tsince ta a gindin bango, ta naɗo ta a gefen zaninta. Wata aba ce baƙa-baƙa kamar an tsoma ta a toka, idanu manya, baki ɗan mitsitsi amma in ta buɗe shi sai ka ce zai haɗiye kanta. Yaya ya je gindin benen ya duba, babu bishiya, babu alamar sheƙa. Aka taru ana gardama. Mai Shayi na kusurwa ya rantse ɗan shaho ne. Ni na ce jemage ne ya yi gashi. Yaya ya ce ko ma mece ce, tana jin sanyi, a matsa a ba shi wuri.

Ta ƙi garin hatsi, ta ƙi ƙwai dafaffe, ta ƙi duk abin da 'yan uwanta na kantar takalma ke rububi a kai. Sai da wani ƙuda ya yi gangancin sauka a benci, Yaya ya make shi ya miƙa mata da hantsaki, ta haɗiye har da bakin hantsakin. Shi ke nan layinmu ya shiga uku. Mai Shayi ya koma farautar ƙudan da ke damun sukarinsa. Iya tana kawo gyare a gwangwani. Ni da kaina, ni da ko kyankyaso na gani sai na hau kan tebur, aka wayi gari ina rarrafe a bayan kwalayen sabulu ina neman ƙwari. In an yi ruwa shinge ya fito, garar nan mai fiffike, sai in ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila in tara mata. Ni na raɗa mata Gimbiya, don tana kwance a cikin wani lallausan takalmin fata, gari guda yana mata hidima, ko godiya babu.

Ta yi ƙiba, gashi ya fito sumul, fikafikai suka yi tsawo har suka wuce jela suka gicciye a baya. Amma ƙafa fa? Wasu 'yan guntaye ne kamar an manta ba a ƙarasa su ba. Yaya ya ɗora ta a yatsa, ta kife. Ya ajiye ta a benci, ta ja ciki. Sa'o'inta na kantar takalma duk suka yi tsallensu suka fice, ita tana nan kwance.

"Auta," ya ce mini wata rana, fuskarsa a dame, "yarinyar nan gurguwa ce. Faɗowar da ta yi ce ta taɓa mata ƙafa."

Mai gyaran takalmi ya ga ƙafa da matsala, me kake tsammani? Ya feƙe tsinken ashana, ya yanko fata mai laushi siririya, ya ɗaura mata ɗori. Wallahi aikin ya yi kyau, da mutum aka yi wa da ya ba da tukuici. Kafin ya juya ta fizge shi. Ya sake wani, ta sake fizgewa. Ya yi mata 'yar sanda ya naɗe da tsumma don ta koyi tsayuwa, ta kalle ta ta kau da kai. Abin da kawai take so shi ne ta ja jiki zuwa buhun da ya rataye a bango, ta maƙale, ta hau har sama ta tsaya a rataye. Shi kuma da ya gani sai ya zabura, "Ke! Za ki faɗo ki ƙarasa ƙafar!" ya ciro ta ya mayar takalmi. Ta hau, ya sauke. Ta hau, ya sauke. Ƙarshe ya cire buhun gaba ɗaya. Ya ce ba komai, tunda Allah ya yi ta haka, ta zama 'yar gida, zai riƙe ta iya rayuwarta.

Sai ta daina cin abinci.

Da farko mun ɗauka ƙudan ne suka gundure ta. Aka kawo gyare, ta rufe baki. Aka kawo shinge mai maiƙo, ta juya kai. In ya buɗe bakin a hankali ya sa mata, sai ta tofar. Kullum nauyinta yana raguwa a hannu. Ta kan dafa ƙasa da fikafikanta ta ɗaga jikinta tana karkarwa, da yamma kuma ta juya ta fuskanci ƙofa, ta ƙura wa waje ido. Yaya ya ce ciwon ne ya kai ciki. Shi ma ya daina cin na kirki. Matarsa ta aiko da abinci, kwanon ya koma yadda ya zo. Mutumin da bai taɓa kuskuren aiki ba, sai ga shi ya buga wa takalmin wata malamar makaranta dunduniya a karkace. Na yi masa faɗa, na ce tsuntsu ne fa, ba ɗan mutum ba. Ya ce, "Na sani, Auta." Yadda ya faɗe shi ya sa na koma shagona na zauna, tausayinsa ya cika ni, kuma gaskiya ni ma tsoro nake ji kada ta mutu a hannunmu.

Ana cikin haka Mai Fenti ya zo. Wani dogo ne siriri mai yawan dariya, kullum da tsani a kafaɗa, tufafinsa sun sha launi kala-kala. Igiyar takalminsa ce ta tsinke. Yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jira, sai ya leƙa takalmin fatar nan.

"A'a! Malam, ina ka samo tsattsewa?"

"Tsattsewa?" in ji Yaya. "Waɗannan masu shawagi a sama da yamma?"

"Su fa. Ai a ƙarƙashin rufin benen can suke sheƙa, ni da su muke aiki."

Yaya ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To wannan dai gurguwa ce. Na yi mata ɗori ya ƙi zama."

"Ka yi mata me?"

Yaya ya ɗauko ɗorin ashanar ya nuna masa. Mai Fenti ya dube shi, ya dubi ɗorin, sai ya fashe da dariya har ya zame ya zauna a kan tulin taya. Ya yi dariya har da hawaye. Ni ma ta kama ni, duk da ban san abin da ake wa dariyar ba.

"Haba Malam! Ai duk haka ƙafarsu take. Ba ta tafiya ba ce, ta maƙalewa a bango ce. Shekarun da na yi a kan tsani ban taɓa ganin tsattsewa a tsaye a ƙasa ko a reshe ba. A sama take ci, a sama take sha."

Yaya ya kalli ƙusar da buhun yake rataye a da. Can ya ce, "To ƙin cin abincin fa?"

Mai Fenti ya daina dariya. Ya karɓe ta, ya auna ta a tafin hannu. "Haka manyan 'ya'yan suke yi in sun kusa barin sheƙa, ina ganinsu. Jiki take ragewa don ta iya tashi. Lokacinta ya yi, Malam, har ya so ya wuce. In ka ci gaba da riƙe ta a takalmin nan, mutuwa za ta yi." Ya buɗe fiffikenta ɗaya, ya buɗe ɗayan, ya ɗan tsuke baki. Wani dogon gashi ya lanƙwashe a ƙarshe, inda yake gogar bakin takalmi. "Wannan ne ban sani ba. Wataƙila ya ɗauke ta, wataƙila ya ƙi. Sai an gwada. Kuma daga ƙasa ba za ta iya ba, fiffiken ya yi mata tsawo. Sai an hau da ita saman benen da yamma, lokacin da 'yan uwanta suke fitowa. Bayansa fili ne mai ciyawa, ko ta faɗo ba kan kwalta ba ne."

"In ta tashi, za ta riƙa dawowa?"

"Ina! Wannan in ta tafi ta tafi."

Nan fa ake yin ta. Abin da Mai Fenti bai sani ba, Yaya ko kujera ba ya hawa. Ƙwan fitilar shagonsa in ya mutu ni nake canzawa, yana ƙasa yana riƙe da kujerar ido a rufe, wai jiri yake ji a madadina. Na faɗa wa Mai Fenti haka a gabansa, ban rage komai ba. Mai Fenti ya ce ai ba matsala, shi zai hau da ita.

Yaya ya karɓi Gimbiya daga hannunsa. "A'a. Ni na lanƙwasa gashin nan. In za ta faɗo, ta faɗo daga hannuna."

Da la'asar ta yi sanyi muka rufe shaguna. Maigadin benen ya ba mu mabuɗin sama. Matar Yaya ta zo da babban zanin gado, ita da Iya Mai Shara da Mai Shayi da direban nan suka zagaya fili suka kama kusurwa huɗu, wai in ta faɗo su tare ta. Masu wucewa suka tsaya suna tambaya ko wani ne zai yi tsalle.

Mai Fenti a gaba, Yaya a tsakiya da Gimbiya a cikin rigarsa, ni a baya. Matakalar ba ta ba shi wahala sosai ba, ya manne da bango, ya ƙura wa ƙafafunsa ido, yana hawa yana salati. Amma a ƙarshenta akwai wani guntun tsanin ƙarfe da ke fita ta wata ƙofa a rufi. Ya kama, ya hau rabi, ya hango sarari ta ƙofar, sai ya ƙame. Ya ƙanƙame tsanin, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

"Auta, ba zan iya ba."

"Za ka iya mana! Ni na yi rarrafe a bayan kwali saboda 'yar nan, kai kuma ka tsaya nan kana rawa? Wallahi ko ka hau ko in turo ka da kaina!"

Sai Gimbiya ta yi wata 'yar tsuwa a cikin rigarsa, don ta jiyo kukan 'yan uwanta a waje. Ya ja numfashi, ya miƙa wa Mai Fenti hannu, aka jawo shi.

A saman ma bai miƙe ba. Da gwiwa da hannu ɗaya ya rarrafa har bakin guntuwar katangar da ta kewaye rufin, ɗayan hannun yana dafe da ƙirji. Sama kuwa cike take da su, baƙaƙe, suna yanka iska suna ihu, su taso ta kanmu fuu su wuce. Mai Fenti ya ce, "Kada ka jefa ta. Buɗe hannu kawai ka ɗaga, ita ta san sauran."

Yaya ya durƙusa a jikin katangar, ya fito da ita, ya ɗora ta a tafinsa, ya ɗaga hannun sama da kansa. Jikinta yana rawa. Ta juya kai nan, ta juya can. Ta buɗe fikafikai ta rufe. Ta daɗe a haka har na fara cewa a raina ba za ta tafi ba. Sannan, don kada a ce ta tafi ba sallama, ta sakar masa kashi a hannu, ta ja jiki zuwa bakin yatsunsa, ta saki.

Ƙasa ta yi. Na ga ta nutse ta bayan katanga, na ji matar Yaya ta kwala salati daga fili, masu zanin gado suka ruga gefe guda suna karo da juna. Na rufe baki da hannu. Sai ga ta can ta ɗago ta saman ciyawa, tana tangaɗi, tana karkata ta gefen gashin nan, ta daki iska, ta sake duka, ta miƙe. Ta yi sama. Ta wuce tsayin benen, ta wuce mu, ta yi wani faɗin zagaye kamar ta shekara tana yi.

Ihu ya tashi daga ƙasa, Mai Shayi yana kaɗa zanin gado, direban yana tsalle. Na juya in ce wa Yaya ya gani, sai na gan shi a tsaye. A tsaye cak a bakin katanga, hannu a sama, yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba: "Tafi, 'yar nan! Tafi abinki!" Mai Fenti ya lallaɓa ya riƙe masa bayan riga bai ko sani ba.

Garken ya zagayo ta kanmu, ta shiga cikinsu. Yaya ya bi su da ido, ya juya, ya sake juyawa, hawaye yana bin gemunsa.

"Auta, wace ce ita a ciki?"

Na duba iya dubawata. Duk baƙaƙe, duk masu dogon fiffike, duk suna gudu ɗaya. Na ce, "Wallahi Yaya ban gane ta ba."

"Ni ma haka," ya ce, yana dariya yana share fuska da bayan hannu. "Ni ma ban gane ta ba. Alhamdu lillahi."

Muka tsaya a nan muna kallonsu har rana ta faɗi.